Yadda Shafin Intanet Ya Sami Ɗan Aike

Duk wanda ya riƙe wayar hannu ko ya zauna gaban kwamfuta a wannan zamani ya san wani abu da ke faruwa kullum, wanda saboda sabo ba mai ko ɗaga kai ya yi mamakinsa. Mutum ya fara rubuta suna a wurin nema, kafin ya kai harafi na uku sai ya ga an jero masa sunaye a ƙasa, ya zaɓi wanda ya ke so. Ko kuwa yana duban taswira, ya ja ta da yatsa, sai garuruwa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, shafin bai ɓace ba, bai kuma tsaya ba. Ko yana cikin karanta wasiƙa, wata sabuwa ta faɗo a samanta, alhali ba shi ya je ya ɗauko ta ba. To, ba haka abin ya ke da fari ba. Shekara fiye da goma mutane suka yi suna jira a gaban farin allo kafin dabarar da ta kawar da wannan jira ta bazu cikin duniya. Dabarar kuwa ita ce a ba shafi ɗan aike wanda zai tura ya karɓo masa labari, shi kuwa shafin ya ci gaba da aikinsa. Waɗanda suka ƙago ta ba su ne suka fara cin babbar moriyarta ba, sunan da ta ke amsawa kuma aro ne.

Kafin a shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san cewa shafin da ya ke gani ba cikin wayarsa ya ke zaune ba. Yana ajiye ne a wata babbar kwamfuta, watakila a wata ƙasa mai nisa, wadda ba ta barci dare da rana. Ita a ke kira uwar garke. Cikin wayar kuwa, ko cikin kwamfutar gida, akwai wata manhaja da a ke kira burauza, wadda aikinta shi ne ta aika da tambaya wurin uwar garke, ta karɓo amsa, sa'an nan ta shimfiɗa ta yadda ido zai iya karantawa.

Wani Bature mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya tsara wannan hanya. Yana aiki ne a CERN, wata babbar ma'aikatar binciken kimiyya da ke kusa da birnin Jeneba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa. A watan Maris 1989 ya rubuta wa shugabanninsa takardar shawara. A ƙarshen 1990 ya gama burauza ta farko da uwar garke ta farko, a 1991 aka buɗe wa jama'a, ran 30 ga Afrilu 1993 kuma CERN ta yafe haƙƙinta, ta ce kowa ya yi amfani da abin kyauta. Bukatarsa mai sauƙi ce, watau masana su riƙa karanta takardun juna ko da suna ƙasashe dabam dabam. Saboda haka ƙa'idar da ya kafa ta takardu ce: tambaya ɗaya, amsa ɗaya, shafi guda cikakke. In mai karatu ya taɓa wata kalma don ta kai shi wani wuri, sai burauza ta share abin da ke gabansa kakaf, ta aika, ta jira, kāna ta shimfiɗa masa sabo.

Ga mai karanta takarda wannan ba laifi. Amma da aka fara ciniki da aika wasiƙu da cika fom ta wannan hanya, sai aibinta ya fito fili. Misalinta kamar almajiri ne da ya cika allonsa da rubutu, malam ya duba ya ga kuskuren harafi ɗaya, maimakon a goge harafin nan a gyara, sai a ce lalle ya wanke allon duka, ya jira ya bushe, ya sake rubutawa tun daga fari. A tsakiyar shekarun 1990 yawancin mutane ta layin tarho na gida su ke shiga intanet, da wata na'ura da a ke kira modem. Wadda a ke yayi a lokacin tana ɗaukar kamar haruffa 3,600 cikin sakan ɗaya, watau shafi mai nauyin haruffa 50,000 sai ya ci wajen sakan 14, in layin ya yi kyau ke nan. Mai cika fom ya kuskure lamba ɗaya, ya aika, ya jira, a dawo masa da shafin a ce ya gyara, wani lokaci ma ya tarar duk abin da ya rubuta ya goge. A ƙasashe da yawa kuwa kuɗin tarho bisa minti a ke biya, har jiran nan ma saye a ke yi.

Matakin farko na gyara daga Amurka ya fito. A 1994 aka kafa wani kamfani a Kalifoniya mai suna Netscape, burauzarsa ta mamaye kasuwa nan da nan. Shugabanninsa suka so shafi ya riƙa yin wani abu da kansa, ba ya zauna kamar takarda kawai ba. Aka ɗora wa wani ma'aikacinsu, Brendan Eich, aikin ƙirƙiro wani ɗan harshe na ba kwamfuta umurni, ya kuwa gama samfurin farko cikin kwana goma a watan Mayu 1995. Da fari aka kira shi Mocha, daga baya LiveScript, a watan Disamba na wannan shekara kuma aka raɗa masa JavaScript, domin a lokacin akwai wani harshe mai farin jini da a ke kira Java, an so a raɓu da shi a sami kasuwa, ko da ya ke harsunan biyu ba dangin juna ba ne. Amfanin sabon harshen shi ne, umurnin da aka rubuta da shi yana tahowa tare da shafi, ya yi aiki cikin kwamfutar mai karatu, ba can wurin uwar garke ba. Yana iya duba fom ya ce an manta suna, yana iya sauya hoto in an taɓa shi. Abu ɗaya ya gagare shi: ba ya iya tambayar uwar garke kome sai an wanke allon duka. Shafi ya sami hannu, bai sami ƙafa ba tukuna.

Masu gina shafuka ba su zauna haka ba, suka shiga neman hanyar bayan gida. A 1996 kamfanin Microsoft ya fito da burauzarsa Internet Explorer ta 3, wadda ke iya buɗe ƙaramar taga cikin shafi, a nuna wani shafin dabam a cikinta. Sai masu wayo suka riƙa ƙanƙance tagar nan har ido ba ya ganinta, su tura ta ta karɓo amsa, umurnin da ke cikin babban shafi ya leƙa ya kwafo abin da ta kawo. Dabarar ta yi aiki, amma aikin sata ne. Burauza ta kan yi ƙarar "ƙyas" duk sa'ad da ɓoyayyiyar tagar ta motsa, maɓallin komawa baya ya rikice, in kuma aiken ya ɓace a hanya da wuya a gane.

Ainihin maganin daga wata bukata ta ofis ya fito, ba daga ɗakin binciken masana ba. Microsoft yana sayar wa kamfanoni da ma'aikatu wata manhajar wasiƙu mai suna Outlook, wadda a ke girkawa cikin kwamfutar kowane ma'aikaci, da kuma uwar garkenta, Exchange. Ma'aikacin da ya yi tafiya ya bar kwamfutarsa a ofis yana bukatar ya ga wasiƙunsa ta burauza a duk inda ya sauka. Akwai hanyar yin haka tun 1997, amma irin ta wanke allo ce: a buɗe wasiƙa, a jira, a share ta, a jira, a koma jerin wasiƙu, a sake jira. Wajen ƙarshen 1998 masu shirya sabuwar Exchange suka ƙudura su sa wasiƙun burauza su yi sauri kamar na ofis. Ɗaya daga cikinsu, Alex Hopmann, ya rubuta wani ɗan kayan aiki wanda JavaScript zai iya kira ya ba shi saƙo zuwa uwar garke, ya dawo da amsa, shafi yana nan daram.

Saura yadda za a shigar da shi cikin kwamfutocin jama'a. Internet Explorer ta 5 ta kusa fita, lokacin ƙara mata sabon abu ya ƙure. Hopmann da kansa ya ba da labari daga baya cewa ya lura akwai wani ƙunshin kayan aiki da ke tafiya tare da burauzar, na karanta wani tsarin rubuta bayanai da a ke kira XML, wanda a wancan zamani kowa ke zance a kansa. Ya je ya sami shugaban masu wannan ƙunshi, Jean Paoli, suka daidaita a cusa ɗan aiken a ciki. Domin ya dace da masaukinsa sai aka liƙa masa XML a gaban suna, ya zama XMLHTTP, alhali kuwa babu ruwansa da XML, kowane irin rubutu aka ba shi ɗaukowa ya ke yi. Kamar baƙo ne da ya ari sunan mai masaukinsa don a bar shi ya wuce ƙofar gari, sunan kuma ya bi shi har abada. Burauzar ta fito a watan Maris 1999, sabuwar Exchange kuwa a 2000.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda abin ke aiki, gama a nan ne duk hikimar ta ke. A ɗauki ɗan kasuwa mai kanti wanda ba shi da yaro. Mai saye ya zo ya nemi abin da babu a kanta, sai mai kanti ya rufe ƙofa, ya tafi wurin dillali da ƙafarsa, sauran masu saye su tsaya a rana har ya dawo. Wannan shi ne tsohon tsari. A sabon tsari mai kanti ya sami yaro. Ya kan rubuta abin da ya ke so a 'yar takarda, ya faɗa wa yaron inda zai je, ya kuma ce masa in ya dawo ga inda zai ajiye kayan, in bai samu ba ga abin da zai faɗa. Yaro ya ruga, mai kanti ya juya ya ci gaba da awo da karɓar kuɗi. Haka umurnin da ke cikin shafi ya ke yi. Yana buɗe aike, ya sa adireshi, ya faɗa ko karɓowa za a yi ko kaiwa, sa'an nan ya ajiye wani guntun umurni ya ce wa burauza, in amsa ta iso ki tashi wannan. Amsar kan zo da lamba a goshinta: 200 na nufin an samu, 404 na nufin babu abin da a ke nema, 500 kuwa uwar garke ce da kanta ta sami matsala. In an samu, guntun umurnin nan ya ɗauki amsar ya sauya layi ɗaya ko hoto ɗaya a shafin, sauran ya bar shi yadda ya ke.

Dalilin da ya sa lalle sai an yi haka shi ne, JavaScript a cikin shafi hannu ɗaya gare shi, aiki ɗaya ya ke yi a lokaci ɗaya. In ya tsaya jiran amsa, duk shafin ya sandare, maɓalli ba ya dannuwa, rubutu ba ya shiga. Amma sakin yara da yawa a hanya shi ma da tasa wahala. Mai nema ya rubuta "Ka", aka tura yaro. Ya ƙara harafi ya zama "Kat", aka tura na biyu. In na biyu ya riga dawowa da Katsina, sa'an nan na farko ya iso a makare da Kano da Kaduna, sai tsohuwar amsa ta danne sabuwa, mai nema ya ga abin da bai tambaya ba. Gwanin sana'ar shi ne wanda ya san yadda zai sa wa kowane aike alama, ya yar da amsar da lokacinta ya wuce. Har yau sababbin shiga suna tuntuɓe a wannan wuri.

Abin mamaki, bayan 1999 ɗan aiken nan ya yi wajen shekara biyar a kwance, ba kowa ya san da shi ba. Dalilan suna da yawa. Da fari a Internet Explorer kaɗai ya ke aiki, a kan Windows. A 2000 kuma kasuwar kamfanonin intanet ta karye a Amurka, da yawa suka rufe, masu kuɗi suka ja da baya. Manyan masu rubuta manhaja a lokacin suna raina JavaScript, suna ganin abin wasan yara ne na sa rubutu ya riƙa walƙiya. Microsoft kuwa, da ya ga ya kayar da Netscape, har fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu shiga intanet da burauzarsa su ke shiga, sai ya fito da Internet Explorer ta 6 a watan Agusta 2001, ya miƙe ƙafa, bai sake fito da wata ba sai Oktoba 2006. Ba wuya a gane dalili. Arzikin kamfanin a kan Windows da Office ya ke, watau kayan da a ke saye a girka cikin kwamfuta. In burauza ta iya yin duk abin da waɗannan ke yi, wa zai saya? Mai rijiya ba ya ɗokin a jawo famfo unguwarsu.

Amma wasu sun gani sun kwaikwaya. Masu aikin Mozilla, waɗanda suka gaji kayan Netscape, suka sa irinsa cikin burauzarsu, suka kira shi XMLHttpRequest, ya fito cikin Mozilla 1.0 a 2002. Safari ta kamfanin Apple ta bi sahu a 2004, Opera a 2005. Wani ƙaramin kamfani a San Faransisko mai suna Oddpost ya buɗe gidan wasiƙu mai sauri a 2002, Yahoo ya saye shi a 2004.

Wanda ya buɗe wa duniya ido shi ne Google. Ran 1 ga Afrilu 2004 ya sanar da Gmail, aikin da wani ma'aikacinsa Paul Buchheit ya faro. Ya ce zai ba kowa wurin ajiya gigabait 1 kyauta, alhali Hotmail na Microsoft megabait 2 ya ke bayarwa, watau wajen kashi ɗaya cikin ɗari biyar. Da ya ke ranar ce Turawa ke zolayar juna da ƙarya, mutane da yawa suka ɗauka wasa ne. Girman rumbun shi ya ja hankali da fari, amma waɗanda suka shiga sai suka ga wani abin: a taɓa wasiƙa ta buɗe nan take, sabuwa ta shigo ba a kira ta ba. A watan Disamba 2004 aka fito da Google Suggest, aikin Kevin Gibbs, mai jero wa mutum ƙarashen abin da ya fara rubutawa, kusan kowane harafi da nasa aike. Ran 8 ga Fabrairu 2005 kuma sai ga Google Maps. Asalinta aikin wani ƙaramin kamfani ne a birnin Sidni na Ostareliya, wanda wasu 'yan'uwa biyu mutanen Denmak, Lars da Jens Rasmussen, suka kafa tare da abokansu, Google ya saye shi a 2004. Kafin wannan, mai duban taswira a intanet kibiya ya ke dannawa, ya jira a zana masa sabuwa. Su kuwa suka yanyanka taswirar duniya ƙananan murabba'ai kamar tubali, mai dubawa yana ja, shafi yana aikawa a kawo tubalan da ke gaba tun kafin idonsa ya kai wurin. A farkonta ma da tsohuwar dabarar ɓoyayyiyar taga ta ke yin wasu aike-aikenta, amma manufar ɗaya ce. Gani ya kori ji.

Kwana goma bayan haka, ran 18 ga Fabrairu 2005, wani mai tsara shafuka a San Faransisko, Jesse James Garrett, na kamfanin Adaptive Path, ya rubuta wata 'yar maƙala ya bayyana yadda shafukan nan ke aiki. Bai ƙirƙiro kome ba, suna kawai ya raɗa. Ya gaji da jero wa abokan cinikinsa sunaye biyar masu wuyar faɗa, sai ya dunƙule su ya ce Ajax, daga kalmomin Turanci masu nufin JavaScript da XML marasa tsayawa jira. Turawa sun riga sun san kalmar, gama sunan wani jarumi ne a labarun Girkawan dā, da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta birnin Amstadam, da kuma wani garin wanke-wanke. Sunan ya kama baki, kafin shekara ta ƙare an rubuta littattafai a kansa, kamfanoni suna cigiyar wanda ya iya. Abin da ya yi shekara shida ba mai kula shi, da ya sami suna mai daɗin faɗa sai ya zama sana'a. Harafin ƙarshe na sunan kuwa bai daɗe yana da ma'ana ba, domin masu aikin sun gudu daga XML saboda nauyinsa, suka koma wani tsari mai sauƙi da a ke kira JSON, wanda Douglas Crockford ya yaɗa tun farkon shekarun 2000.

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. A watan Janairu 2006 wani saurayi, John Resig, ya fito da jQuery, ƙunshin umurni da ke ɓoye bambancin burauzoji, aikin layi ashirin ya koma layi biyu ko uku. A watan Afrilu ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idodin yanar gizo ta fitar da daftarin farko na ƙa'idar ɗan aiken, shekara bakwai bayan haihuwarsa. A watan Maris na wannan shekara Google ya sayi Writely, manhajar rubuta takardu cikin burauza, wadda ta zama Google Docs, kishiyar Office. Abin da Microsoft ke gudu ya same shi da makamin da ya ƙera da hannunsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2010 shi ma ya fito da Office na cikin burauza.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Yaron da ke iya fita ba tare da mai gida ya ji motsinsa ba, yana iya zama ɗan aiken wani. Tun zamanin Netscape an kafa doka cikin burauza cewa umurnin da ya zo daga gida kaza ba shi da izinin karanta amsar wani gida. Ba don wannan doka ba, da shafin ɗan damfara ya aika bankin mai karatu da sunansa ya karanto asusunsa. Sai dai dokar ba ta tsare kome in mugun umurnin ya riga ya shiga cikin gidan. A watan Oktoba 2005 wani yaro ɗan shekara 19 a Los Anjalas, Samy Kamkar, ya nuna wa duniya haka. A lokacin MySpace ce babbar matattarar samari da 'yan mata a intanet. Ya sami kafa ya ɓoye umurni cikin shafinsa. Duk wanda ya leƙa shafin, burauzarsa ta tura aike a ɓoye ta nemi abota da Samy, ta rubuta a shafin mai leƙen cewa Samy ne gwarzonsa, sa'an nan ta kwafe umurnin can, don wanda ya leƙa shi ma ya kamu. Cikin awa ashirin mutum fiye da miliyan ɗaya suka kamu, ba wanda ya danna kome, har sai da MySpace ta rufe na ɗan lokaci don a share. Aka gurfanar da shi, a 2007 ya amsa laifi, aka yanka masa shekara uku na zaman sa-ido da kwana 90 na aikin gayya, da biyan diyya. Wasa ya yi, amma hanyar da ya bi ita ɓarayi ke nema har yau.

Ko ba ɓarawo, akwai abin da mai karatu ya rasa. A tsohon tsari ba abin da ke barin kwamfutarsa sai ya danna "aika". A sabon tsari shafi na iya kai rahoton inda ya tsaya, da tsawon lokacin da ya yi yana duban hoto, har da abin da ya fara rubutawa cikin fom ya fasa. Masu talla sun gina kasuwa mai girma a kan wannan. Tsohon shafi kuma yana da ƙarshe, in an kai ƙasa sai mutum ya yanke shawara ko ya ci gaba ko ya tashi. Wajen 2006 aka fito da shafi mara gindi, wanda da mutum ya kusa ƙasa sai a aika a ƙaro masa, kamar mai masaukin da ba ya bari a ga gindin akushi. Aza Raskin, wanda a ke danganta dabarar da shi, ya fito daga baya ya ce ya yi nadama saboda lokacin mutane da ta ke cinyewa. Makafi ma sun sha wuya, domin manhajar da ke karanta musu shafi da murya ba ta sanin an sauya wani layi a tsakiya. Sai a 2014 aka tabbatar da ƙa'idar da ke sa shafi ya sanar da ita.

Ƙasashe irin Nijeriya ta wata fuska abin ya shafe su. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, kuma jama'a da yawa a kan ƙaramar waya suka fara ganin intanet, ba a kan kwamfuta ba. Burauzar da ta yi farin jini a irin wayoyin nan ita ce Opera Mini, wadda ta fito wa duniya a 2006, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi amfani da ita. Hikimarta ita ce kwamfutocin kamfanin su karɓo shafi, su matse shi, su aiko wa waya a shirye, don a rage kuɗin data. Amma shafin da aka matse haka ba ya iya tura yara yadda ya ga dama, don haka sababbin shafukan sau da yawa ba sa aiki sosai a kanta. Ga kuma wani abin ban haushi: dabarar da aka ƙago don a rage abin da a ke ɗaukowa, ita ta buɗe ƙofar cika shafi da tarin umurni, har a 2016 matsakaicin shafi ya wuce megabait 2, nauyin shafi arba'in irin wanda aka yi misali da shi a baya. Mai sayen data da kuɗin gumi shi ke biyan wannan dako. Abin da ya sa ke nan Facebook ya fito da Facebook Lite a 2015 domin wuraren da layi ba shi da ƙarfi. Google kuwa ya daɗe yana riƙe da wani sassauƙan Gmail irin na tsohon tsari saboda masu raunin layi, sai a farkon 2024 ya rufe shi.

A 2015 burauzoji suka fara ɗaukar wani sabon ɗan aike mai suna fetch, wanda ya fi sauƙin sarrafawa, a 2017 kuma aka ƙara wa JavaScript hanyar rubuta aike-aike a jere kamar labari, ba tare da shafi ya sandare ba. Yawancin sababbin shafuka da shi a ke gina su, kalmar Ajax ma ta fara tsufa a bakin matasan sana'ar. Ran 15 ga Yuni 2022 Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya, bayan shekara kusan 27. Tsohon ɗan aiken da aka cusa cikinta a gurguje bai bi ta ba. Yana nan cikin Chrome da Firefox da Safari da Edge, da aron sunansa, domin shafukan da aka gina a kansa sun yi yawan da ba mai iya cire shi ba tare da sun rushe ba.